G League, jami'a ko Turai: ina ya fi wa yaron da ke son shiga NBA?

Kusan duk ranar da aka zauna hira a gefen kot bayan tirenin sai wani yaro ya ce shi fa in Allah ya buɗa masa hanya G League zai wuce kai tsaye, wai ai ita ce ƙofar NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, me zai je yi a jami'a yana ɓata shekaru. Ni kuma da na daɗe ina hana idona barci saboda wasannin nan na ƙarfe biyu da uku na dare, sai in ce masa ƙanena tsaya tukuna, ƙofa ce gaskiya amma ba kowa ake buɗe wa iri ɗaya ba, kuma da yawa a bakinta suke tsufa.

Ita G League ƙaramar lig ce ta NBA, su suka kafa ta a 2001 da ƙungiyoyi 8 kacal a kudu maso gabashin Amurka, a 2005 aka koma ce mata D-League, a 2017 kamfanin Gatorade ya zuba kuɗi sai ta zama G League. Yanzu duk ƙungiyoyin NBA 30 ɗin nan kowacce tana da tata ƙaramar ƙungiyar, Phoenix ce ta ƙarshe da ta buɗe Valley Suns a 2024, ga kuma Capitanes ta birnin Meziko da ba ta ƙarƙashin kowa, sun zama 31 kenan. Ana farawa a Nuwamba a gama wajen Afrilu, wasa kusan 50 a kaka. Dokokin wasa galibi na NBA ne, kwata huɗu minti 12-12, sakan 24 na jifa, layin maki uku mai nisan mita 7.24, kuma yawanci tsarin wasan da babbar ƙungiya take bi shi ƙaramar take bi, har sunayen da koci yake kiran dabaru da su iri ɗaya ne, saboda ranar da aka kira ka sama kar ka tsaya kana zare ido. Wannan shi ne babban abin da ta fi jami'a da Turai da shi, ba gardama.

To amma abin da yaran nan ba su sani ba, mutanen da ke sanye da riga iri ɗaya a benci ɗaya ba matsayinsu ɗaya ba. Akwai wanda NBA ta ɗauka a diraf, wato zaɓen sababbin 'yan wasa da ƙungiyoyi ke yi duk shekara, yana da cikakken kwantiragi, an turo shi ne kawai ya samu mintuna tunda a sama benci yake ɗumamawa, albashinsa na miliyoyi yana nan yana shiga. Akwai mai kwantiragin ƙafa biyu, wanda aka ƙirƙiro a 2017, ƙafa ɗaya a NBA ɗaya a G League, da can mutum biyu kowace ƙungiya take iya riƙewa, daga 2023 aka mai da su uku, zai iya sa riga a wasannin NBA har 50 a kaka amma ba ya buga wasannin fitar da gwani sai an mai da kwantiraginsa cikakke, kuma rabin mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa ake ba shi, a kakar 2024-25 kusan dala 578,000 kenan. Sannan sai sauran jama'a, masu kwantiragin lig zalla, waɗanda a 2022 albashinsu ya kai dala 40,500 na kaka gaba ɗaya, a cire haraji a cire na ejan. Ana ba su masauki dai, tafiya kuma bas ce da jirgin haya na kowa da kowa, mutum mai tsawon ƙafa shida da inci goma ya naɗe a kujerar baya. In ka shiga ta kwantiragin da suke kira Exhibit 10, wato ka yi sansanin farkon kaka da babbar ƙungiya aka sallame ka ka zauna kwana 60 a ƙaramar, akwai ɗan ƙarin da ya kai dala 75,000 a 2023, shi ne yake ɗan rufa asiri.

Yanzu ka tambayi kanka, in kai ne koci, kuma ogan da ke biyanka ya turo maka yara uku huɗu ya ce waɗannan namu ne a gina mana su, wa za ka ba ƙwallo? Ai magana ta ƙare. Mai kwantiragin lig zalla ma ba da ƙungiyar ya sa hannu ba, da lig ɗin ya sa, ma'ana kowace ƙungiyar NBA za ta iya ɗauke shi gobe da safe ba ta biya kowa komai ba, wannan alheri ne a gare shi ta fuska ɗaya tunda kasuwa 30 yake talla, amma ta ɗaya fuskar waye zai kashe lokacinsa yana kiwon akuyar da maƙwabci zai iya kamawa kyauta. Shi ya sa za ka ga mutum yana buga minti 35 yau yana zuba maki 25, jibi an turo wani daga sama ya koma minti 12, ba laifin da ya yi.

Mu duba waɗanda ta yi wa rana, don akwai su da yawa. Pascal Siakam ɗan Duwala a Kamaru, Toronto ta ɗauke shi na 27 a 2016, ya fara wasanni da yawa a farkon kakarsa amma abin bai zauna ba, aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu Raptors 905, ya ci kofin lig ɗin a 2017 shi ne ma gwarzon fainal, bayan shekara biyu ya ɗaga kofin NBA ya kuma karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa samun ci gaba. Tare da shi akwai Fred VanVleet da babu wanda ya ɗauka a diraf. Ita Raptors 905 ɗin an kafa ta a 2015 lokacin Masai Ujiri yana jan ragamar Toronto, mutumin da ya tashi a Zariya, kuma a Mississauga aka ajiye ta kusa da Toronto, yaro zai iya tirenin da manya da safe ya buga da ƙanana da dare, likita ɗaya tsari ɗaya ido ɗaya a kansa. Ka haɗa wannan da Miami da ƙaramar ƙungiyarta take Sioux Falls sama da kilomita 2,000 daga gida, duk da haka su ma sun iya gini, nan Duncan Robinson ya bi, nan Gabe Vincent namu na D'Tigers, ƙungiyar Najeriya, ya bi. Shi Vincent ba a ɗauke shi a 2018 ba, ya je Stockton Kings ta G League, a Janairun 2020 Miami ta ba shi ƙafa biyu, a Yulin 2021 ya zuba maki 21 ranar da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci a Las Vegas, wallahi har yau in na tuna daren nan sai na yi murmushi, a 2023 ya buga fainal ɗin NBA sannan Lakers ta ba shi shekara uku a kan dala miliyan 33.

Amma lura da abu ɗaya. Siakam sai da ya buga kaka biyu a jami'ar New Mexico State. VanVleet shekara huɗu a Wichita State. Vincent huɗu a Santa Barbara. Alex Caruso, da ya ci kofi da Lakers a 2020 da Oklahoma a 2025, huɗu ya yi a Texas A&M kafin ya shiga wahalar G League. Duk cikinsu babu ɗanye, dafaffu suka je, gishiri kawai aka ƙara. G League ta iya gyara maka abu ɗaya ko biyu, jifanka daga kwana, yadda za ka tare mutum in an yi maka shinge, yadda za ka karanta wasa da saurin NBA. Ba ta da haƙurin koya wa mutum ƙwallon kwando daga tushe, don 'yan wasa shiga suke suna fita kamar tasha, ƙungiyar da ka gani a Nuwamba rabi sun canza kafin Fabrairu, shi ya sa ma tsaron gida yake da rauni a can maki suke yawa.

NBA da kanta ta gwada ɗaukar ɗanyun, a 2020 ta kafa G League Ignite don yara 'yan 18 da ba sa son jami'a, aka biya su kuɗi mai kauri aka haɗa su da tsofaffin hannu. Jalen Green ya fita na 2 a 2021, Jonathan Kuminga ɗan Kwango na 7, Dyson Daniels na 8 a 2022, Scoot Henderson na 3 a 2023, in ka kalli lambobin sai ka ce an ci riba. To amma waɗannan tun suna sakandare an san manya ne, ko ina suka je za a ɗauke su. A kakar ƙarshe Ignite wasa 2 ta ci aka doke ta 32, yara suna buga wasan da ci da rashin ci duk ɗaya ne a zauren da ba kowa, a 2024 aka rufe ta. Dalilin da suka bayar shi ne jami'o'i sun fara biya, wato abin da ya sa aka kafa ta ya kau.

Wannan ya kawo mu jami'a. Da can ɗan wasan NCAA, wato gasar jami'o'in Amurka, karatu kyauta da abinci da ɗaki kawai yake samu, ko kwabo ya karɓa sai a dakatar da shi. Daga 1 ga Yulin 2021 aka ba su damar cin kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2025 kuma bayan sulhun kotu aka yarda makarantu su riƙa biyan 'yan wasa kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekara ga duk wasannin makaranta ɗaya. Yau akwai ɗan jami'ar da ya fi mai ƙafa biyu samu, balle mai dubu 40. Ga koci ɗaya da zai riƙe ka shekara guda ko fiye, ga ɗakin ɗaga ƙarfe da masu kula da abinci, ga zaure cike da ɗalibai suna ihu, ga gasar Maris da in aka doke ka sau ɗaya ka tafi gida, irin wannan matsin ba ka samunsa a G League ko kaɗan. Rauninta, wasan ba irin na NBA ba ne, minti 40, sakan 30 na jifa, layin maki uku ya fi kusa, wasanni talatin da 'yan kai a kaka, kuma kocin jami'a aikinsa yake karewa ba makomarka ba, in kai dogo ne zai dasa ka ƙarƙashin kwando ka yi ta tsintar ƙwallo tunda haka yake cin wasa, ko da NBA tana son ganin ka iya jifa daga waje. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango misali ne mai ciwo, shi ne gwarzon ɗan wasan jami'o'in Amurka gaba ɗaya a 2022 a Kentucky, 2023 aka yi diraf ba wanda ya kira sunansa, ya ƙare da ƙafa biyu a Indiana ya je G League yana kwashe ƙwallo kamar ba gobe har ya zama gwarzon sababbi, amma gurbin dindindin a sama ya yi wuya.

Sai wata matsala da ta shafe mu mu 'yan Afirka kai tsaye, bizar ɗalibi ta F-1 ba ta yarda ka yi aikin kuɗi yadda ka ga dama a cikin Amurka ba, saboda haka kuɗin tallan da ɗan ƙasa yake ci hankali kwance kai sai an bi ta wasu hanyoyi da lauya, shi kansa Tshiebwe sai da ƙungiyarsa ta je Bahamas a 2022 ya samu ya yi tallace-tallacensa a can. Kuma sai takardunka sun cika, WAEC ko NECO mai kyau da Turanci, in ba su kai ba akwai ƙananan kwalejoji na shekara biyu, kar ka raina su, Jimmy Butler ta nan ya bi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne 'yan tsakiya masu cewa kawo kaza in kai ka makarantar share fage a Amurka, yara da yawa daga Najeriya sun je sun tarar ba makaranta ba masauki, fasfo a hannun wani.

Duk da haka in ka ce in zaɓa wa ɗan 17 ko 18 da ya fara ƙwallo a makare, kamar yawancin yaranmu, jami'a zan ce, ko don takardar digiri ma, gwiwa ɗaya ce tsakanin ɗan wasa da zaman gida. Hakeem Olajuwon daga Legas ta jami'ar Houston ya bi ya fita na 1 a 1984, Precious Achiuwa ta Memphis, kuma hanyar da ta fi tsafta yanzu ita ce makarantar horar da yara ta NBA Academy Africa da ke Saly a Senegal. Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu nan ya samu horo, ya ɗanɗana BAL, gasar ƙwallon kwando ta Afirka, yana yaro, ya yi shekara ɗaya a Duke, aka ɗauke shi na 10 a 2025. Rueben Chinyelu ɗan Najeriya shi ma daga can ya fito ya ci kofin NCAA da Florida a 2025. Ulrich Chomche na Kamaru kuwa daga makarantar ya shiga diraf kai tsaye a 2024, ya fita na 57, ƙafa biyu ya samu a Toronto, ka ga tazarar da ke tsakanin na 10 da na 57 ai ba ƙarama ba ce, duk da dai baiwarsu ma ba ɗaya ba.

Turai kuma wata duniya ce. Can ƙungiya tana ɗaukar yaro tun yana 13 ko 14 kamar yadda Real Madrid ta yi da Luka Doncic, a koya masa fasin da tsayuwa da motsi ba ƙwallo a hannu, tirenin sau biyu a rana wasa ɗaya ko biyu a sati, kuma akwai faɗawa ƙaramin rukuni, don haka kowane wasa da zafinsa. Matsalar ita ce wannan zafin ne yake sa koci ya ƙi sa yaro, mutum zai iya shekara yana buga minti biyar. Giannis, da iyayensa 'yan Najeriya ne, a rukuni na biyu na Girka aka tsinto shi aka ɗauke shi na 15 a 2013, amma irinsa sau nawa ake yi. Inda Turai ta fi daɗi shi ne ga wanda ya riga ya girma, albashi yawanci bayan an cire haraji ake faɗa maka, ga gida sau da yawa ga mota, kaka wata tara zuwa goma, kuma fasfon Najeriya ko Nijar yana da daraja a ƙasashe irin Sifen da Faransa saboda yarjejeniyar Kwatano da Tarayyar Turai ta ƙulla da ƙasashen Afirka, ba a lissafa ka cikin 'yan gurbin baƙi da Amurkawa ke rububi a kai. Sai dai a ƙananan lig-lig ana jinkirin albashi, kuma in ka sa hannu ka ɗaure, ba wanda zai kira ka NBA ranar Talata ka buga ranar Laraba. Ostareliya ma tana da shirin Next Stars, LaMelo Ball da Josh Giddey da Alex Sarr duk ta nan suka bi, amma wannan na waɗanda aka riga aka san sunansu ne. BAL tamu ta gida da aka fara a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ma ta zo ta uku a 2024, wajen nuna kai ce mai kyau amma gajeriya ce, 'yan makonni ne, ba ta isa ta gina mutum ita kaɗai ba.

To wa G League ta dace da shi? Ɗan 22 ko 23 da ya gama jami'a ko ya ɗan buga a Turai, diraf mai mutum 60 ya wuce ba shi, amma yana da abu ɗaya da NBA take saya, ko jifan maki uku ko tare mutum ko kare kwando. Shi wannan ya je, don kusancin yana da daraja, a Disamba ana tara duk ƙungiyoyin wuri ɗaya manyan NBA su zauna su yi ta kallo, daga 5 ga Janairu kuma a fara ba da kwantiragin kwana 10, wanda ko sabon shiga ne kai zai ba ka sama da dala 60,000, kwana goma sun fi kakarka gaba ɗaya. Amma ya je da sanin cewa ba ango ake nema ba, kowace ƙungiya tana da angonta da take biya miliyan arba'in, masu shimfiɗa tabarma da raba abinci ake nema, wanda ya je yana son zuba 30 kullum ya nuna shi ne, yawanci shi ake bari a can. Mac McClung ya ci gasar dank ta NBA, wato tsalle a dankara ƙwallo cikin kwando, sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025, ya zama gwarzon G League a 2024, duniya ta san shi, amma wasannin NBA da ya buga ba su taka kara sun karya ba.

Ni a ganina kaka biyu ta isa gwaji. In ta farko ta wuce ta biyu ta wuce ba ƙafa biyu ba kwana goma, a tattara a nufi Turai ko Asiya tun ƙafa tana da ƙarfi, don kowace shekara sababbin yara ake kawowa kuma su za a fi kallo. Kafin ka sa hannu kuma ka tambayi ejan ɗinka wane irin kwantiragi ne takamaimai, mutum nawa babbar ƙungiya take da su a gurbinka da za ta iya turowa, kuma a shekarun baya mutum nawa ta ɗaga daga ƙaramar zuwa sama, don Miami da Toronto da Oklahoma ba ɗaya suke da wasu ba a wannan fanni. Masu horarwa ma haka suke bi, Nick Nurse sai da ya ci kofin lig ɗin da Iowa a 2011 da Rio Grande Valley a 2013 kafin ya ci na NBA a 2019.

Wani zai ce ai ga Andre Ingram, ya yi shekara goma a ƙaramar lig yana koyar da yara lissafi a gefe don ya riƙe iyalinsa, a Afrilun 2018 yana da shekara 32 Lakers ta kira shi, ya shiga ya zuba wa Houston maki 19 zauren Los Angeles ya tashi tsaye ana masa kirari. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma kuma har yanzu yana taɓa ni. Wasa biyu ya rage a kakar lokacin da aka kira shi, shekarar da ta biyo aka ƙara masa kwana goma ya buga huɗu, shida kenan gaba ɗaya, ya koma South Bay, ƙaramar ƙungiyar Lakers.